Laimar da na bari a ɗakin sanyin Hajja

Ni na yi laifin, ba yayana ba. Ni na kashe injin zuƙa lokacinsa bai yi ba, ni na ɗura gas a kan laima, kuma ni na tsaya a bakin warshata, wato shagon gyarana, a kasuwar Gadarif na ɗora masa abin a gaban jama'a. Na daɗe ina ba da labarin nan ta wata fuska, har na kusa yarda da ƙaryata. Ga yadda aka yi.

Gyaran tallaja da mukayyif nake yi, wato firji da na'urar sanyaya ɗaki. Karatuna bai yi nisa ba, a hannu na koyi aikin. Yayana ma sana'arsa ke nan, amma shi Kartum ya tafi tun ina saurayi, ya yi aiki a manyan gine-gine. Duk sallar da ya zo gida sai mahaifiyarmu ta yanka masa kaza, ni da nake yin cefanen shekara a miƙo mini wuya. Ban taɓa cewa komai ba. Abin dai ya zauna mini a rai.

Da yaƙi ya koro mutane sai ga shi a bayan lori, da matarsa da 'ya'yansa mata, babu ko tabarma. Wani abu ya fashe kusa da gidansu, kunnensa na hagu ya daina ji. Kayan aikinsa duk sun salwanta, sai abu ɗaya da ya naɗe cikin safa ya sa a aljihun jallabiya, agogon zuƙa. Na ba su ɗaki a gidana, na ba shi benci a warsha, kuma na tabbatar kowa a unguwa ya san na yi haka.

Kafin a ɗura wa na'ura gas dole a zuƙe iskar da ke cikin bututunta, tare da laimar da ta shiga da ita. Mu a kasuwa kunne muke sa wa aikin. Mu haɗa injin zuƙa mu saurara, in ƙararsa ta yi laushi mu ɗora babban yatsa a bakin fitar iska, in ba a ji huci ba mu ce ya yi. Agogon yayana kuwa lambobi yake nunawa, suna sauka a hankali. In sun sauka sai ya rufe bawul, ya zauna ya zuba musu ido. In suka yi ta hawa babu tsayawa, bututu ya huje. In suka hau suka tsaya a sama, akwai ruwa a ciki, sai a sake zuƙa. In suka zauna a ƙasa, to, sannan ne zai ɗauko tukunyar gas.

Wannan zama nasa ya riƙa ƙona mini rai. Sai na gano hanyar hucewa. Ina zagayawa ta gefensa na hagu in faɗi abin da nake so.

"Wanda ba shi da kunne ai dole ya nemi agogo," in ce, yadda mai waldar da ke maƙwabtaka da mu zai ji.

Mai walda ya fashe da dariya, mai shayin da ke zama a gindin bishiya ta rufe baki da mayafi. Yayana ya juyo yana murmushi, don ya ga ana dariya.

"Me ka ce, usta?"

"Na ce Allah ya ƙara basira, Yaya."

"Amin, amin."

Usta, wato maigidan sana'a, yake kirana a warsha, shi da ya goya ni ina yaro. Ni kuma ina amsawa.

Cikin damina wata Hajja ta zo daga Shuwak. Kifi take saye a hannun masunta, ta ajiye a wani ɗan ɗakin sanyi da ke bayan gidanta, ta sayar wa masu gidajen abinci. Ina tsaye a ƙofar warshar da na gina da gumina, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ina ustan Kartum? Shi aka ce in nema."

Na nuna mata shi da haɓa.

Ni na tuƙa mu a boksina, 'yar a-kori-kurata, da injin zuƙana a baya, don shi ba shi da komai sai agogo. Kwamfaresan ɗakin ya ƙone, kuma wanda ya fara taɓa aikin ya yanke bututu ya bar su a buɗe, iskar damina tana shiga yadda ta ga dama. Yayana ya sa sabon kwamfaresa, ya yi walda mai kyau, wannan ba zan hana shi ba. Babu wuta, sai janareta. Aka haɗa injin zuƙa. Da lambobi suka sauka ya rufe bawul, muka zauna. Suka hau, suka tsaya.

"Ruwa," ya ce. "Da yawa ma."

Ya sake kunnawa. Na saurari injina, ƙararsa ta yi laushi tun tuni. Na ɗora yatsa, babu huci.

"Yaya, ya yi."

"Bai yi ba. Iskar ta fita, ruwan ne ke tashi a hankali. In ta kama mu kwana, mu kwana."

Hadari ya haɗu ta gabas. Na gaya wa kaina taɓon hanyar gidan Hajja nake tsoro, wannan baƙar ƙasa tamu da ke riƙe mota kamar danƙo. Ba taɓo ba ne. So nake in cika ɗakin da kunnena, ya yi sanyi, bayan wani lokaci in gaya wa mai walda cewa aikin da ake yaba wa ustan Kartum ni na ƙare shi, kuma ban kalli agogo ba. Na yarda da kunnena ƙwarai. Bai taɓa ba ni kunya a kan ƙananan tallajoji ba, ko kuma ya ba ni ban sani ba.

Aka kira la'asar. Ya ce in fara zuwa masallaci, na ce ya je, zan yi tawa a nan.

"In sun sauka ka rufe ka jira," ya ce. "Kada ka kwance komai sai na dawo."

Ruwa ya sauko ya tsare shi a masallaci. Na rufe bawul. Lambobin suka fara hawa, ina kallonsu da idona. Ban jira in ga inda za su tsaya ba. Na kwance agogon na ajiye a kan buhu, na jawo tukunyar gas na ɗura.

Ya dawo a jiƙe, ya tarar da inji yana aiki, bututu ya fara raɓa. Ya dubi agogonsa a kan buhu.

"Sun tsaya?"

"Sun tsaya cik."

"A ƙasa?"

"Haba Yaya. A gidana kake kwana, a warshata kake cin abinci, yau kuma ni ne zan yi maka ƙarya?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki agogon ya goge shi da gefen riga ya mayar cikin safa. Ɗakin ya yi sanyi kafin magariba. Hajja ta yi ta sa masa albarka, ta cika mana leda da kifi.

Laima ba ta nuna kanta ranar farko. Tana yawo cikin bututu tare da gas har ta isa wani matsattsen wuri, ta daskare ta toshe hanya. Sanyi ya tsaya. In ƙanƙarar ta narke sai ya dawo, kamar ba abin da ya faru. Hajja ta cika ɗakin da kifi har rufi, ta kulle, ta tafi ta'aziyya Kasala. Injin yana ta ƙara, kowa a gidan yana ji, ba wanda ya buɗe ƙofa.

Da hantsi Hajja ta iso kasuwa a raksha, keken nan mai ƙafa uku, da buhu biyu a gabanta. Warin ya riga ta isowa. Ta sa mai raksha ya zazzage su a ƙofar warsha, ruwan ya gangara har ƙarƙashin bencin yayana. Ƙudaje suka rufe wurin. Mutane suka taru suna toshe hanci.

"Ga aikinku! Ku ci! Wannan kaɗan ne, sauran na sa an haƙa rami an binne. Masunta suna ƙofar gidana, me zan ce musu?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa.

"Hajja, ki tuna wanda kika nema. Ke kika ce ustan Kartum kike so. Ni direba na je." Na juya wajen jama'a. "Na sha faɗa masa, aikin nan da kunne ake yinsa. Mutumin da ba ya jin ƙarar inji, ya dogara da abin wasan yara, me ake jira?"

Wannan karon ta gefensa na dama na tsaya.

Bai kalle ni ba. Ya tashi ya ce, "Hajja, a hannuna kika ba da aikin. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri zan dafa wa marayun da nake riƙo?"

Ya ari shebur wajen mai walda ya fara kwashe kifin cikin baro. Mutum mai furfura, yana tura ruɓaɓɓen kifi ta tsakiyar kasuwa zuwa juji, yara na binsa. Ni kuwa na aika a kawo mini jabana, wato gahawa, na zauna ina kurɓa, wai don warin kada ya tayar mini da zuciya.

Daga ranar ba wanda ya sake miƙa masa ko fanka. Masu kawo gyara su leƙo su ce, "Usta, kai da kanka, ba mai kifi ba." Sunan ya bi shi har masallaci. Bayan ɗan lokaci na ce masa ya riƙa hutawa a gida, mutane suna gudun warshar. Ya ce to. Da aka fara yankan riɗi sai ya bi motar 'yan ƙwadago zuwa gonakin wajen Fau. Safiyar da zai tafi ya biyo ta warsha ya ɗora safar nan a kan kanta.

"Ajiye, usta. Babu abin da zan auna a gona."

Akwai abin da ya fi wannan muni. Na ɗauki agogon na koma Shuwak, na ce wa Hajja na zo gyara ɓarnar ɗan'uwana, don zumunci. Na zubar da gas, na canza mataci, na haɗa inji, na yi zaman da na hana shi yi. Na zuƙa, na rufe, suka hau, na sake. Sai washegari da rana suka zauna a ƙasa. Ɗakin bai ƙara tsayawa ba. Hajja ta shiga gaya wa mutane ashe ƙanin ne usta. Masu mahauta da masu ƙanƙara suka fara nemana, wai ni ne mai aiki da agogo. Na riƙa ciro shi daga safa a gabansu a hankali, yadda na ga yana yi.

Matarsa tana gidana duk wannan lokaci, tana taya matata tuƙa tuwon asida, tana gaishe ni da ladabi safe da yamma. Wata rana na ji tana gaya wa matata an aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi a kambo, bukkokin da 'yan ƙwadago ke kwana a bakin gona. Na ce Allah ya sawwaƙe, na tafi kasuwa.

A makon nan Hajja ta biyo ta warsha da kyautar kifi. Ta tambayi yayana, na ce ba shi da lafiya. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ɗana, kada ka ji haushina. Tun ranar nan ban yi sallar da ban ce Allah ya isa tsakanina da shi ba. Ga shi kuwa ya fara gani."

Ledar kifin tana hannuna. Na ce, "Hajja, ba shi ba ne." Na gaya mata komai, a tsaye, mai walda yana ji.

Ba ta yi ihu ba. Ta miƙo hannu ta karɓe ledarta.

"Ka sa na yi wata da watanni ina kai ƙarar bawan Allah wajen Ubangijinsa," ta ce. Ta tofar da yawu a gefen takalmina ta hau raksha.

Washegari na kama hanyar Fau. Na yi ta tambaya kafin in sami kambon. An riga an gama yanka, an jingina dammunan riɗi suna bushewa. Na same shi kwance a inuwar rumfa, a kan buhun da aka shimfiɗa. Ya rame har jallabiyar ta yi masa yawa. Tafin hannunsa ya tsattsage, lauje ya ci masa yatsa an ɗaure da tsumma. Wasu 'yan ƙwadago na zaune kusa suna cin abinci a kwano ɗaya.

Ya ɗago kai. "Usta. Wa ka bar wa warsha?"

"Yaya, magana na zo da ita. Ranar nan a Shuwak…"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ruwan da ke cikin bututun nan ba zai fita tsakanin la'asar da tsayawar ruwan sama ba. Ko a mafarki."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya dubi yatsansa mai tsumma.

"'Ya'yana a gidan wa suke kwana?"

Na cire takalmi na durƙusa a kan ƙasa a gabansa.

"Yaya, na ga lambobin suna hawa na kwance agogonka, na yi maka ƙarya, na bar ka ka kwashe kifin da ni na ruɓar. Na ci da sunanka, na ci da kayan aikinka. Ba kuskure ba ne, hassada ce, kuma ta daɗe a cikina. Na gaya wa Hajja, zan kuma tsaya a ƙofar warsha in gaya wa kasuwa. Ban cancanta ba, amma ina roƙonka don Allah. Ka yafe mini, Yaya."