Rumbun Jaridu na Malam Ɗanlami

Kullum da hantsi, idan raɓa ta bushe, Malam Ɗanlami Idrisa yakan jingina tsani a jikin rumbun laka da ke bayan gidansu a Gidan Rumji, ya hau, ya ɗaga murfin. Babu hatsi a ciki. Jaridu ne, ɗaure da igiyar kaba kamar damman gero, kowane dami na wata guda. Yakan sauko da biyu, ya baza su kan tabarma a inuwa, ya duba ko gara ta taɓa, ya barbaɗa sabuwar toka da busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, ya mayar. A wata shida da ’yan kwanaki yake zagaye rumbun duka, sai ya koma farko.

Shekara talatin da biyu ya yi yana sayar da jarida a tashar mota, kafin ya ajiye sana’ar bara, da mutane suka koma karatu a waya. Jaridun Yamai kan iso masa a makare, ƙarƙashin kujerar direba. Masu saye kaɗan ne: malaman lakol, wato makarantar boko, ma’aikatan buro na gwamnati, jandarma ɗaya ko biyu. Masu saurare sun fi yawa. Ranar kasuwa yakan zauna kan benci, ya karanta Faransanci yana juya wa manoma da Hausa. Kuma daga kowace fitowa yakan ware kwafi ɗaya. Ko mai saye na tsaye, wannan ba na sayarwa ba ne.

Ardo Ridwanu, shugaban wasu makiyaya a yankin Cadakori, shaida ne. Shekara shida da suka wuce, sun yi jayayya da manoma a kan iyakar burtalin shanu.

“Mun ce an taɓa dasa duwatsu, suka ce ba a yi ba,” in ji shi. “Malam ya yi kwana uku yana kwance damma. Sai ga jaridar da hoton ranar, tsofaffinmu da nasu tsaye a layi. Kowa ya ga babansa. Wa zai ƙaryata babansa?”

Masu sana’ar jarida ma sun amfana. Editan wata jarida ta Yamai, wadda ruwa ya lalata ma’ajiyarta, a nan ya zo ya ɗauki hoton fitowarsu ta farko. Ɗaliban aikin jarida kan zo ziyara, su zauna a tabarma, su ga yadda ake tsara shafi kafin a haife su. Ban san wani gidan tarihin jarida a yankin nan ba in ban da wannan.

Bana ne aka kusa rasa jaridun. Damina ta yi kyau, geron gandu ya fi ƙarfin sauran rumbuna biyu na gidan. Rumbun jaridun kuwa na gado ne, ba na Malam shi kaɗai ba. Ƙanensa Tahiru, wanda noman gidan ke hannunsa, ya same shi.

“Yaya, gero na zube ƙasa awaki na ci, kai ka ba takarda ɗaki.”

“Ai ita ba ta cin komi, Tahiru.”

“Mu ma ba mu cin ta. Mai tsire ya ce yana son ta naɗi. Zuwa Juma’a dai, don Allah.”

Tahiru yana da gaskiya, mutum goma sha tara ke ci daga geron nan. Malam bai yi gardama ba, bai kuma kai kuka ga kowa ba. Ya fara sauko da damman yana jerawa a zaure, inda gara ba za ta bar su su yi wata guda ba.

Direbobi ne suka yaɗa maganar. Ranar Laraba da safe Ardo Ridwanu ya iso da mutanensa da jakuna ɗauke da ciyawa. Manoman da suka saba zama gaban bencin nan suka kira gayya, suka kawo itace da zana. Kafin la’asar ɗin Alhamis sabon rumbu ya tsaya, gero ya shiga, jaridun suka koma nasu rumbun. Tahiru da kansa ya ɗaure jinkar.

“To, Yaya,” ya ce yana karkaɗe hannu, “ashe takardar taka tana da dangi.”

Malam Ɗanlami, kai ne ka ajiye abin da mu da muka rubuta shi muka yar. Kai ne ka adana labari yadda manomi ke adana iri, ba tare da kowa ya sa ka ba. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya.

Saura namu. Tun da ya bar tasha, ko kwafi ɗaya bai shiga rumbun ba. Editoci, ku ware masa ɗaya daga kowace fitowa. Direbobin hanyar Gidan Rumji sun ce su za su kawo, ba ko sisi.