Fasfon 'Yata da Injin Markaɗe

Shekarar da babbar 'yata ta samu gurbin karatun jinya a ƙasar waje, babu wanda ya kai ni zuwa ta'aziyya a duk ƙasar Birnin Gwari. Ba tsoron Allah ne ya ƙaru mini ba, fasfo nake nema.

Sau uku muka bi ayarin motoci zuwa Kaduna, muna salati a kowace kwana ta dajin nan. Aka ɗauke ta hoto, aka ɗauki zanen yatsunta, aka ce mu koma garinmu Kuyello za a kira mu. Shiru. Makarantar kuwa ta rubuto cewa in ba ta iso kafin ƙarshen damina ba, za a ba wata gurbin. Sai abokan hira suka ce in nemi ɗan majalisarmu, waya ɗaya zai buga a gama.

To a ina za a gan shi? Tun da muka zaɓe shi hanya ta zame masa haɗari, mu dai da alama ƙarfe ne jikinmu. Ofishinsa na mazaɓa awaki ne ke riƙe da shi. Abu ɗaya ke kawo shi gida, rasuwar babban mutum. Haka na koma kasa kunne ga sanarwar mutuwa. In aka ce wani attajiri na kwance, sai in tambayi jikinsa da wata irin kulawa da har yau nake jin kunyarta. Na je Randagi a kan babur cikin taɓo, na zauna zaman makokin mutumin da ban taɓa gani ba, Onarabul ya aiko wakili.

A karo na biyar na kama shi. Ana shafa fatiha na kutsa, na riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, maganar yarinyata ce. Fasfonta ya maƙale, ga lokaci na ƙurewa."

"Yarinyarka ai tawa ce, Malam," in ji shi, idonsa na kan mai ɗaukar hoto. Ya juya wajen sakatarensa. "Rubuta sunanta. A sa ta a sahun farko."

Na dawo gida ina taku ɗaiɗai, na ce mata ta fara haɗa jaka.

Damina ta wuce, makaranta ta cika maganarta. Muna tsakiyar girbin dawa aka aiko wai ta zo sakateriya, sunanta ya fito. Ashe rabon tallafi ne. Ba su yi ƙarya ba, ita aka fara kira. Aka miƙa mata injin markaɗe da hoton Onarabul manne a jikinsa, aka ce ta yi murmushi. Ta yi. Ni kuwa na tsaya ina tafi tare da jama'a, baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Fasfon ya fito daga baya, don kansa, babu wanda ya buga waya.

Injin dai mai kyau ne, ba zan zalunce shi ba. Yana ƙofar gida, mata na layi da robobin wake da tattasai, maƙwabta na cewa ni na iya bin manya. Wata safiya na ga 'yar tawa ta fito da littattafan da ta saya don shirin tafiya, ta miƙa wa 'yar maƙwabcinmu duka. Ta dube ni ko zan yi magana. Na kau da kai, sai ta sunkuya ta ja igiyar injin.