Yadda Gaisuwa Ta Kusa Cinye Lambar Yaya Bawa

Gwadangaji, asuba

Ƙarfe shida saura kwata muka tura kekunanmu daga ƙofar gidana a Gwadangaji, ni da yayana Bawa, bayan mun dawo daga masallaci mun sha kunu da ƙosai a tsaitsaye. Matata Hajara ta cika mana gorunan ruwa, ta biyo mu har zaure tana dariya, wai ba ta taɓa ganin Yaya da hular kwano ba. Shi kuwa a kan hularsa ta saƙi ya kifa ta, ya ce kwano dai kwano ne, ba zai ratsa gari kai ba hula ba.

Bari in faɗa wa masu karatu abin da ya fito da mu. Akwai tseren keke da ake yi duk shekara a wannan kwari namu, daga Birnin Kebbi a bi ta fadama da tuddai har Argungu. Masu son shiga sun yi yawa, don haka sai an yi gwaji tukuna: kilomita sittin da biyu cikin awa huɗu da rabi, a buga maka hatimi a tebur uku a hanya. Wanda ya isa kan lokaci a ba shi lambar shiga. Wanda ya kai shekara sittin ba a karɓarsa, katin shaidar Yaya Bawa kuwa ya ce hamsin da tara. Bana ce ta farko gare shi, bana ce ta ƙarshe.

Manomin albasa ne a Gulma, garinmu. Shekara arba'in yana ɗaure buhu a bayan tsohon kekensa zuwa kasuwar Argungu, kuma da wannan keken ya riƙe karatuna har na zama malamin makaranta. Hanyar tseren ta bakin gonarsa take bi. Bara ya tsaya riƙe da fartanya yana kallon samari suna faɗuwa cikin yashi. Da na je gida ya ce mini, "Sani, ni tun da nike ban taɓa hawan keke ba kaya ba. Ina son in ji yadda abin yake kahin gwiwoyina su ƙi." Maganar ta zauna mini a rai. Na samo mana kekunan hawan dutse guda biyu, na hannu, masu giya, muka yi wata uku muna horo duk Asabar. Na kuma sayo masa kambas mai igiya, da hannuna na ɗaure masa ita a safiyar nan, ƙulli biyu-biyu don kada ta kwance.

Kafin mu hau na ce, "Yaya, yau ba gaisuwa. Ɗaga hannu kawai, mu wuce."

"Awo, na ji," in ji shi.

Zuwa Ambursa

Shida da rabi daidai aka busa usur a bakin gari. Samari suka fita a guje kamar an koro su, mu muka bi a natse. Hanyar jar ƙasa ce mai santsi, iska da sanyi-sanyi, Yaya yana gabana yana danna giya yana dariya shi kaɗai. Raina fes.

A kilomita ta tara muka tarar da wani dattijo a ƙasa, da gatari a kafaɗa. Sai na ji ƙarar birki. Yaya ya sauka, ya cire hular kwano, ya rusuna. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aikin rani, duk sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da muka hau na ce, "Ka san shi ne?"

"A'a. Amma ya girme ni."

Ga wanda bai san mu ba: a wajenmu ba a gaida babba daga kan keke. Sauka ake yi a rusuna, in kuwa malami ne ko suruki har takalmi a tuɓe. Ni ma haka aka rene ni, amma ni da agogo a hannuna, shi babu. Kafin Ambursa sai da ya sauka sau uku. Da na yi gunaguni ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Ƙarasa ta mana, Yaya: sai dai a daɗe ba a je ba." Bakwai da minti ashirin da biyar muka iso tebur na farko, kilomita goma sha biyar. Wani saurayi ya buga mana hatimi, ya ce muna cikin lokaci, amma ba da yawa ba.

Gulma

Daga Ambursa hanya ta gangara fadama. Shinkafar rani kore shar, injinan ban ruwa suna ta kuka, ƙamshin albasa ko ta ina. Yawancin manoman suna can nesa cikin gonaki, Allah ya taimake ni, ɗaga hannu ya wadatar. Muka mayar da ɗan abin da muka yi asara. Tara saura minti goma muka shiga Gulma, kilomita talatin da biyar.

Wanda ya zaɓi wurin tebur na biyu, Allah ya yafe masa. A gindin bishiyar ƙofar masallaci ya kafa shi, inda dattawan garin suke zaman hantsi. Su takwas na ƙirga a kan tabarma, a tsakiyarsu kuma Malam Umaru, mahaifin Kulu matar Yaya. Tun daga nesa Yaya ya sauka, ya jingine keke, ya durƙusa zai tuɓe takalmi. Ƙullin nan nawa ya ce ba inda za shi. Ya ja, ya daɗa ɗaurewa. Na durƙusa ina taya shi da farce, har da haƙori, dattawa suna kallonmu. Minti shida muka yi a kan igiyar takalmi, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Sannan aka shiga gaisuwa. Kowane dattijo da tasa, kowanne kuma sai ya tambayi wannan keke mai ƙaton taya buhu nawa yake ɗauka. Malam Umaru ya yi mana addu'a mai tsawo, kyakkyawa, ina amin ina satar kallon agogo.

Ba mu kuma isa mu ratsa Gulma ba mu leƙa Inna mahaifiyarmu ba. Mun same ta a ƙofar ɗakinta, Kulu ta dama fura tana jira. Inna ta dube ni ta ce, "Kai kuma mi ya same ka, kana ta zufa kamar ɓarawon akuya?" Na yi mata bayanin lokaci. Ta juya wajen Yaya, wanda ya riga ya zauna a ƙasa yana shirin doguwar gaisuwa.

"Bawa, shekara hamsin kana gaishe ni, in ka rage ta yau ba na mutuwa. Kulu, kawo mishi takalmansa na roba, ki ɗauke wanga abin igiya. Ku sha ku tahi, kada in ga ƙeyarku."

Muka kafa kai muka shanye furar a tsaye. Tara da minti talatin da biyar muka fita gari. Saura kilomita ashirin da bakwai, saura awa ɗaya da minti ashirin da biyar.

Yashi da tudu

Nan ne na ga abin da shekara arba'in take koya wa mutum. A bakin yashi Yaya ya tsaya ya rage iskar tayoyinmu da tsinke. Ya ce in bar tsakiyar hanya in bi gefen da shanu suka tattake, in kuma daina kokawa da kan keke, in bar shi ya nemi hanyarsa. Samarin da suka bar mu tun safe muka riƙa wucewa, wasu suna turawa, wasu a zaune suna zazzage takalmi. A kan tudun jan dutse ni sauka na yi na tura, numfashina kamar zai fita. Shi a zaune ya haye, ya tsaya a sama yana jirana yana cewa, "Malam, boko ya cinye maka ƙwauri." Goma da minti goma sha takwas aka buga mana hatimi na uku, kilomita hamsin da biyu. Na ce a raina mun tsira.

Kilomita biyu gaba hanya ta ratsa wani ƙaramin ƙauye. Tabarmi a shimfiɗe a ƙofar wani gida, maza a zazzaune shiru, butoci a gefe. Zaman makoki. 'Yan tsere biyu da ke gabanmu suka sunkuyar da kai suka wuce. Yaya ya sauka.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce wata uku muna wahala, ba mu san mamacin ba, ba su san mu ba, in ya zauna to ya zubar da komai da hannunsa. Bai yi fushi ba. Ya dube ni ya ce a hankali, "Sani, ranar da Baba ya rasu, da wani ya wuce mu bisa keke, da har yau kana tune da huskarshi." Na jingine kekena kusa da nasa, muka zauna, muka yi ta'aziyya, aka yi addu'a. Wani tsoho ne ya rasu, masunci. Ɗansa ya rako mu har bakin hanya yana godiya. Goma da minti talatin da shida, saura kilomita takwas.

Argungu

Ban san yadda muka yi su ba. Na dai san ban ƙara duba agogo ba sai da rufin gidajen Argungu ya bayyana. An ja layi da farar ƙasa a wani fili, mutane sun yi cincirindo a gefe. Na tsallake layin da ƙarfe sha ɗaya saura minti biyu, na waiwaya in yi wa Yaya murna. Ba ya bayana.

Yana can taku goma kafin layi, ya sauka, ya zare takalman roba, ya rusuna. Mai riƙe da agogon gwajin wani tsoho ne mai gemu fari fat, a kan kujera daf da layin, ana ce masa Baba Mai Agogo. Ko ni na ga ya haifi Yaya. Jama'a suna ta cewa ya tsallako, ya tsallako, shi kuwa ya fara: "Baba, ina kwana. Mun same ku lahiya?" Na dafe kai. Hawaye ne suka zo mini, ba na ɓoyewa.

Tsohon ya dubi agogo, ya dubi Yaya, ya dubi takalman da ke ƙasa. Sai ya miƙe da sandarsa, ya tako har inda yake, ya miƙa masa hannu.

"Lahiya lau, ɗana. Riƙe kekenka da hagu. Daga ina?"

"Daga Gulma, Baba."

"Ya mutanen Gulma?" Ya ja da baya taku ɗaya, bai saki hannun ba. "Ya albasa bana?" Wani takun. "Ya iyali? Mahaifa suna raye?"

Haka ya yi ta tambaya yana ja da baya, Yaya yana biye a sunkuye, ƙafa ba takalmi, yana amsawa da ladabi, har tayar baya ta haye farar ƙasa. Sannan tsohon ya sake shi, ya ɗaga agogo ya nuna wa magatakarda, ya busa usur. Ya ce, "Rubuta shi. Yanzu kuma zamna, mu gaisa da kyau."

Komawa gida

Bayan azahar muka ci shinkafa da gasasshen kifi a wata rumfa kusa da tasha. Direban da ya ɗauko mu ya ɗaure kekunan a saman mota, ya ce kuɗin kekuna biyu daidai da na mutum ɗaya, ban ko yi ciniki ba. Ta titi tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Yaya ya zauna a gefen taga, lambar tana kan cinyarsa ya dafe ta da hannu biyu, ya ƙi saka ta aljihu kada ta lanƙwashe. Ana kiran la'asar muka sauka Gwadangaji, Hajara ta tarbe mu da ruwan sanyi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Inna da Kulu, da mutanen ƙauyen da suka karɓi ta'aziyyar baƙi, Allah ya ji ƙan mamacinsu. Baba Mai Agogo kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Muna zaune a zaure ina shafa wa gwiwata man zafi, Yaya ya ce, "Sani, ranar tseren ma ta Gulma za a bi?"

Na ce ta nan za a bi.

Ya juya lambar a hannunsa. Can ya ce, "To sai mu tahi tun jajibiri, mu bi su gida-gida mu gaishe su duka. Amma ka sani, in anka yi rasuwa a hanya, sauka zan yi."

Na ce, "Tare za mu sauka, Yaya."