Mutumin da Ba Ya Yarda da Agogon Mai

Shekara talatin da ɗaya ke nan babu matuƙin da ya taɓa riga Baba Mai-mai isowa ƙaramin filin jirgin nan. Shi ke zuba wa ƙananan jirage mai, irin masu kujera huɗu ko shida da mutane ke saya don harkar kansu. Yakan fara da tsugunawa ƙarƙashin fiffike, ya tsiyayo mai a 'yar kwalba, ya ɗaga ta sama ya ga ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Sannan ya jingina tsani, ya buɗe murfin tanki, ya tsoma sandar awo. Abin da sandar ta nuna shi zai gaya maka, ko da daɗi ko ba daɗi.

Ba haka ya fara ba, da bakinsa yake faɗa. A shekararsa ta uku wani matuƙi ya ce masa, "Bar shi kawai, agogo ya nuna rabi." Ya bar shi. Ba a yi awa guda ba injin ya mutu a sama, jirgin ya yi saukar dole a gonar wani, ya kife. Mutumin ya rayu, amma har yau ɗingishi yake. Babu wanda ya ɗora wa Baba laifi. Shi dai daga ranar bai ƙara sallamar jirgi a kan maganar agogo ba.

Makanikin filin ya shaida abin da ya faru da wani Likita, wanda ke tuƙa jirginsa zuwa wani asibiti mai nisa. Ran nan ya zo a gaggauce, matarsa har ta shiga ta zauna.

"Baba, cire min katakon nan daga taya, mara lafiya na jirana."

"Likita, man nan ba zai kai ka ba."

"Jiya na duba, ya ishe ni har da saura."

"Bayan ka tafi ƙaninka ya yi shawagi da shi."

"Haba Baba! Kai za ka koya min jirgina?"

"A'a, ranka ya daɗe, ni ko mota ban iya ba. Hau dai ka gani da idonka."

Likita ya hau yana tsaki, ya tsoma sandar, ya zaro. Faɗin yatsa uku ne kawai ya jiƙe a jikin sandar. Ya sauko, aka cika masa tanki. A hanya hadari ya tare su, sai da suka yi kewaye na kusan awa ɗaya kafin su sauka. Da suka dawo matar ta zo ta durƙusa gaban Baba tana godiya. Ya ce, "Tashi 'yata, ƙasan akwai maiƙo."

Yanzu gwiwoyi sun ƙi tsani, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. 'Yarsa ta ce mijinta ya shiga uku, don ko babur ba ya barin ƙofar gida sai Baba ya girgiza shi ya ji motsin mai.

Baba, kai ne ka sha harara da tsaki don wasu su koma wa iyalansu. An ce maka mai taurin kai, an ce maka mai ɓata lokaci, ba ka taɓa ramawa ba, ba ka kuma taɓa sassautawa ba. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma da ke riƙe da ƙananan ayyukan da rayukan mutane suka rataya a kansu, ku yi koyi da shi. Kada ku jira yabo, don jirgin da ya sauka lafiya ba ya shiga labarai. Baba ya shekara ashirin da takwas yana hana mu samun labari.