Waƙar da Ishaya Ya Ba Ni Kiwo

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina Ishaya, wanda 'yan Nijeriya mazauna Kuala Lumpur suka fi sani da Kaboyin Sentul, da sunan unguwarmu. Har yau in hadari ya taso da la'asar, gilashin dogayen benaye ya yi duhu kamar ruwan baba, sai in ji kamar zan jiyo takun takalminsa a matakala, da jita rataye a baya, malafarsa tana ɗigar ruwa. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai bana ba ta yi mini laifin komai ba, barar ce ta ƙi sakin gefen zanena.

A wani ƙauye na bayan Jos aka haife shi, inda duwatsu ke hawa kan juna kamar an jera su da hannu. Yana yaro yake bin shanun kawunsa, da ƙaramar rediyo ɗaure a wuya. A cikinta ya fara jin kiɗan kantiri, wato waƙoƙin Turawan karkara masu kiwo. Bai san Turanci ba a lokacin, amma ya ce ya gane maganarsu sarai: mutum ya yi nisa da gida, ruwa ya ƙi sauka, masoyiya ta hau jirgi. "Ashe su ma irin kukanmu suke yi," in ji shi, "sai dai su ta hanci suke fitar da shi."

Karatun harkar otal ne ya kawo shi Malesiya, jita ta riƙe shi. Da yamma yakan yi wa baƙi waƙoƙin Turanci a gidajen cin abinci, su tafa, su ɗauki hotonsa suna mamakin baƙin mutum da malafar kaboyi. Ran Lahadi kuwa, bayan an tashi coci, sai ya zauna a bakin tafkin Titiwangsa ya rera nasa na Hausa. A nan na fara ganinsa. Ina 'yar ɗaliba, kaina cike da littattafan soyayya, ina jiran saurayi mai doguwar mota da ƙamshin turare. Sai Allah ya aiko mini da mai fasasshen takalmi, wanda muryarsa ke saukowa a hankali kamar zuma daga cokali. Ban ƙara buɗe littafin da ke jakata ba ranar.

Faifai ɗaya ya fitar a rayuwarsa, kuma waɗanda suka saya sun san abin da suka saya. Amma waƙoƙinsa mafiya daɗi ba sa ciki. Dalilin ya samo asali ne daga tsokanar Malam Habibu, Bakanon da suka yi zaman ɗaki ɗaya a unguwar Wangsa Maju.

"Kai Kaboyi," Habibu yakan ce, "malafa mun gani, takalmi mun gani, ina saniyar? Ko akuya ba ka ajiye ba."

"Garkena ya fi na ubanka, Bakano. Bari in ba ka ɗaya kiwo."

Da wasa aka fara, ya zama al'adarsa. A garinsu in mutum ya yarda da kai, yakan ba ka karsana ka riƙe masa a cikin naka garken. Haka Ishaya ya riƙa yi da waƙa. In ya tsara sabuwa, sai ya zaɓi mutum ɗaya, ya zaunar da shi, ya yi ta maimaita masa har ta zauna, sannan shi ya daina rera ta. Ba a rubutawa, ba a ɗauka a waya. Habibu ya sami ta jirgin ƙasa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan ta sami ta mahaifiya. Ni kuwa ya ba ni tawa a bakin tafki, mako kaɗan kafin bikinmu, baiti uku. Farkonta ke nan:

Ruwan tafki, tsaya ka ji,
Na bar gida, na bar dutse,
Na zo garin da babu rani,
Na sami inuwa a idonta.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, 'yarmu Murna tana shekara tara. Aka kai shi gida, ya kwanta a gindin duwatsunsa. Ni na zauna, don aikina yana nan, makarantar yarinya ma tana nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Sentul ɗin da ya sani, mai tsofaffin rumfunan gyaran jirgin ƙasa da ƙamshin shayin mamak na bakin titi, ta miƙe sama ta zama benaye. A cikin jirgi kowa ya toshe kunne, kowa da waƙarsa shi kaɗai. Har an ce yanzu na'ura na tsara waƙa kafin ruwan shayi ya tafasa. Ina jin ba zai yi fushi ba. Zai tura malafa baya, ya yi wannan murmushin nasa na gefe ɗaya, ya tambaya ko na'urar ta taɓa kewar wani. Abin da zai fi sosa masa rai shi ne garkensa. Baƙo raɓa ne, rana na fitowa sai ya tashi. Waɗanda ya ba kiwo duk sun watse, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu ƙasashen sanyi.

A bana ne abin ya zo kaina. Murna ta sami gurbin karatu a wata ƙasa mai nisa, ta ce kafin ta tafi tana son waƙar da babanta ya ba ni. Na ce to. Ina wanke-wanke na ɗauko ta a hankali don in gwada. Baitin farko ya zo, na ƙarshe ya zo, na tsakiya babu. Na tsaya da kumfa a hannu ina lalube. Na san akwai kwalekwale a ciki, na san akwai wata tsuntsuwa, amma yadda suka haɗu ya ɓace mini kamar mafarkin da aka tashe ka a tsakiyarsa. Shekaru na yi ina tsoron rera ta don kada in yi kuka, ashe dabbar da aka kulle a ɗaki ramewa take yi.

Makonni na yi ina nemansa. Na zauna a kujerar da muka zauna, na hau jirgin da muka saba hawa, na sa tsohuwar rigarsa a fuska. Shiru. Daga ƙarshe na kira Habibu a Kano, ko ya taɓa jin ta ta bayan ƙofa.

"Maman Murna, wallahi ban taɓa ji ba. Kin san mutumin naki da rowa."

"To taka fa, tana nan yadda ya ba ka?"

Ya yi dariya har da tari. "Ina fa! Yarana sun sa mata Zariya da Funtuwa, jirgin har Gusau yake zuwa yanzu. In ya ga dama ya taso ya kai ni ƙara."

Ran Lahadin ƙarshe kafin tafiyarta, muka je Titiwangsa da jitar babanta, wadda ta koya da kanta. Ruwa ya ɗauke, tafkin ya kwanta, benaye na rawa a cikinsa a kife. Na rera baitin farko tana bi da yatsu. Da na iso ramin sai na tsaya.

"Nan akwai baiti, Murna. Ya ɓace mini. Babanki ya ba ni uku, biyu zan ba ki."

Ta dube ni da idanunsa. Hausarta a karye take, rabinta Turanci, rabinta Malay, amma ranar ta tattaro ta.

"Mama, ki sa naki lah. Ke ma kina wurin ai."

Ba ta daina kaɗa jitar ba, tana ta zagaya wurin tana jirana. Ni da ban taɓa tsara ko layi ɗaya ba, sai na ji bakina ya buɗe:

Jirgi ya zo, jirgi ya wuce,
Malafarka na nan a ƙusa,
Yarinyarka ta kai kafaɗata,
Ta ɗauki jita, ta bar ni da tafki.

Bai kai nasa kyau ba, na sani. Babu kwalekwale, babu tsuntsuwa, kuma ba za su dawo ba. Amma Murna ta maimaita ukun har suka zauna mata, ba ta ciro waya ba ko sau ɗaya.

To me ya rage na Ishaya? Faifai ɗaya, malafa ɗaya, da kabari a gindin dutse. Sai garke da ya bazu a duniya, kowace da sabon tabo, kowace da sabon kiwo, ba mai iya tara su wuri ɗaya. Allah ya jiƙansa. Ranar da za mu haɗu na san zai tura malafa baya ya ce, "Rifkatu, ina abin da na ba ki?" Zan ce masa ta yi ɗingishi a hannuna, Baban Murna, amma ta haihu, kuma tana wurin 'yarka.