Sunan Baranko Yana Nan a Ƙarƙashin Katako

Baranko ya mutu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune wurin mai koko a Dengfeng, ko kofin ban kai baki ba. Lawban Chan ne ya kira ni, wato Oga Chan, ɗan Chanan da ke yi mana firem. Ya yi ta zuba yarensu, ni kuwa kalma ɗaya na kama, "meyo." Duk wanda ya taɓa sayayya a Guangzhou ya san ta, babu ke nan. Na ce mene ne babu? Ya ce, "Baranko, meyo."

Jiya da la'asar, a kan kujerarsa, zuciya ce ta tsaya.

Ni ban yi boko ba, rubutun ma a kan waya na koye shi da tsufana. In kun ga kuskure ku tsallake, amma ku karanta har ƙarshe, don akwai aikin da zan ba ku.

Yawancinku ba ku san shi ba. Ni na sa ba ku san shi ba.

Sunansa Branko, bakinmu ne ya mai da shi Baranko. Bature ne mutumin ƙasar Sabiya, dogo, mai farin gashi, ko yaushe akwai fenti a ƙarƙashin farcensa. Mai zane ne da fentin mai. Ya zo ƙasar nan ya yi aiki a inda ake zana hotunan bango na otal-otal, shi ke gyara abin da ma'aikata suka ɓata. Da ya gaji ya kama ɗaki a wani bene bayan layinmu, ya koma zana nasa.

Teku yake zanawa, da duwatsu, da gonaki, da kogi. Shi ke nan.

Ranar da na fara hawa ɗakinsa ya warware mini wasu tsofaffin zane da ya taho da su daga gida, tun na ƙuruciyarsa. Sun yi duhu, sun yi ruwan zuma. Na tsaya gaban wani teku har ƙafata ta yi tsami. Ni mutumin Kano ne, sai da na yi furfura na ga ruwan da ya fi Tiga girma, shi ma ta tagar jirgi.

Na ce, "Garinku ne nan?"

Ya ce, "Da can. Ina yaro ƙasarmu tana da teku. Aka yanyanka ƙasar, tekun ya faɗa rabon wasu."

Na ce to ai mun zama ɗaya, ni da kai duk 'yan tudu ne.

Da guntun Turancin kasuwa muke magana, da guntun yaren Chana, sauran kuwa da hannu. Haka muka yi shekara goma sha wani abu, kuma ba mu taɓa rasa abin faɗa a kai ba.

Nan take na gane kayan nan namu ne. Mutanenmu ba sa son rataya hoton abu mai rai a ɗaki, shi kuwa zanensa ba mutum, ba dabba. Sau ɗaya na ga wani da fararen tsuntsaye uku a saman ruwa. Na ce ya shafe su in saya.

Ya ce, "Alhaji, tsuntsayen nan sun girmi shagonka."

Na ce to su ci gaba da zama a ɗakinka. Ya ce ai ba su nemi biza ba. Ban saya ba, bai shafe ba.

Shi ya koya mini yadda ake naɗe zane. Ni da nake naɗe atamfa tun kafin a haifi wasunku, na naɗe da fentin a ciki. Ya doke mini hannu kamar malamin allo. Fenti waje yake kallo, in ba haka ba ya tsattsage kafin kwantena ta kai Legas.

Da ciwon ƙafa ya kayar da ni, shi ya kai ni asibiti can Tianhe, ya yi mini tafinta, ya riƙe mini takalmi a layi.

In azumi ya zo, ba ya kunna taba a gabana. Ban taɓa roƙonsa ba.

Kuma yana son miyar kuka. Ya ce kalarta ce ba ya iya haɗawa.

To, ga laifina.

Duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan ya san ba a nuna wa kowa inda ake saro kaya. Kana samun wuri mai kyau, za ka cire takardar kamfani, ka sauya kwali, ka biyo ta wani layi in ka ga ɗan garinku a bayanka. Haka na tarar, haka na yi a Kwari, haka na yi a kasuwar Shisanhang ta nan Guangzhou. Baranko kuwa yana sa sunansa a ƙasan kowane zane, gefen hagu, da jan fenti. Na ce in wannan ya isa Kano, wata biyu ya yi yawa, za ka ga Alhazai sun yi layi a benensa.

Ban goge ba, hannuna bai iya ba. Na je wurin Chan na ce ya ƙara wa bakin firem faɗi, yatsa biyu. Katako ya hau kan sunan ya zauna.

Duk zanen da ya fita ta hannuna haka ya fita.

Alhaji Idi na Maraɗi ya yi shekaru yana bibiyata. Har abinci ya taɓa saya mini don in yi suɓul da baka. Na ci abincin, na ce masa a bakin titi nake tsinta.

Ganinmu na ƙarshe da Baranko sati uku ke nan. Na hau da kwanon tuwo, na tarar ya rame, amma yana tsaye gaban allo da burushi. Na nuna masa hoton da wani ya turo mini a waya, zanensa a falon wani otal a Kano, an kunna masa fitila a sama. Ya buɗa hoton da yatsu, ya kai can ƙasa gefen hagu, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Alhaji, a ƙasarku akwai wanda ya san sunana?"

Na ce ana son aikinka ƙwarai.

Ya ce, "Ba shi na tambaye ka ba."

Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Yatsa biyu. Chan ya gaya mini tun shekarar farko."

Na ce to me ya hana ka magana?

Ya ce, "Jira nake ka ji kunya."

Da na ce masa yi haƙuri, da an wuce wurin. Ban ce ba. Na ce masa haka kasuwa take, kai ba ka san Kanawa ba. Ya ce, "Ɗaya na sani, ya ishe ni." Muka ci tuwo. Da zan sauka ya ce in gaida ƙafata.

A raina na ce in na dawo daga gida bayan Sallah zan gyara. Ban gaya wa kowa ba, shi ma ban gaya masa ba.

Yana da 'ya ɗaya a ƙasarsu, Milisa. Ɗazu Chan ya haɗa mu a waya, wata mata tana fassarawa. Ranar Juma'a za ta iso ta tafi da gawar mahaifinta. Tana ƙarama ya baro su, kuma abin da aka gaya mata shi ne ubanta ya ƙare rayuwarsa yana kwafar hotunan wasu a Chana. Ta ce ta bincika sunansa a intanet ba ta ga komai ba. Ta tambaye ni, "Da gaske ya yi wani abu nasa?"

Tambayar nan ni ta kama, ba kowa ba.

Na ce mata, 'yata, ki zo. Kafin ki sauka daga jirgi zan tara miki shaida.

Kuma zan tara. Ban taɓa rubuta komai a littafi ba, amma ban manta inda ko ɗaya ya tafi ba. Tekun nan mai baƙin hadari yana otal ɗin da na faɗa. Gonar alkama da hanya ta ratsa tana ɗakin jiran wani likitan haƙori a Damagaram. Hajiyar Katsina da ta sayi guda huɗu ta raba wa 'ya'yanta, Hajiya na san kina karanta ni, ke kika ce dutsen ya yi kama da na hanyar garinku. Akwai ƙaramin kogi da gada a shagon wani mai aski a Zariya, wanda ya karɓa a madadin firij ɗin da ya iso masa a fashe. Tsofaffin nan masu ruwan zuma kuwa, bakwai ne suka fita, na san gidajen duka, kuma yau zan fara kiran masu su ɗaya bayan ɗaya.

Amma wasu an sayar, wasu an yi kyauta da su, wasu an gada. Nan ne nake neman ku.

In akwai zanen teku ko na daji a gidanku, ko ofis, ko inda kuke aiki, wanda in ka shafa za ka ji tudun fenti, kuma bakin firem ɗinsa ya yi faɗi fiye da kima, ku sauke shi. Ku kife shi a kan gado. A baya akwai ƙananan ƙusoshi, ku tanƙwara su da bakin wuƙa a hankali, zanen zai fito. Ku duba ƙasa, gefen hagu.

Za ku ga jan rubutu da wasu haruffa da ba ku saba gani ba. Rubutun ƙasarsu ne. Sunansa ne.

Kada wanda ya sa ruwa. Kada wanda ya ce zai wanke shi da omo don ya yi haske, duhun nan shekaru ne, ba datti ba ne.

Ku ɗauki hoto biyu, ɗaya na zanen duka, ɗaya na sunan, ku sa a ƙarƙashin wannan rubutu tare da sunan garinku. In za ku mayar, ku kai wa kafinta ya rage bakin katakon.

Na kira Alhaji Idi kafin in fara rubutun nan, na gaya masa komai, har lambar benen. Ya ce, "Kai Bakano! Sai da kayan suka ƙare za ka nuna mini shago?" Na ce faɗi duk abin da ke bakinka, yau ba zan rama ba. Sai ya ce akwai biyu a gidan surukinsa, zai sa a sauke su kafin azahar.

Na san akwai masu shirin rubuta mini cewa ba Musulmi ba ne. Na sani, na fi ku sani, ni na zauna da shi. Ban ce zan yi masa abin da addini bai ba ni ba. Lamarinsa yana hannun Wanda ya halicce shi. Ni abin da ke wuyana haƙƙin maƙwabci ne da na danne da katako, kuma ba zan je kabari da shi ba in Allah ya yarda.

Allah ya ba Milisa haƙuri, ya kawo ta lafiya, ya mai da ta lafiya. Allah ya yafe mini abin da na yi wa mutumin nan, ya ba ni ikon gyarawa. Mu da muke neman abinci a ƙasar da ba tamu ba, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa a san inda aka binne mu.

Ku taya ni da amin. Sannan ku tashi ku duba bangonku, Juma'a saura kwana huɗu.