Ruwa Ya Ci Abokina a Tsakiyar Hamada

A lokacin ina ɗalibi a Alƙahira, ina zaune a gidan haya a unguwar Madinat Nasr tare da 'yan'uwa ɗalibai. Karatu ne ya kai ni, amma gaskiya zuciyata tana wajen kyamara. Ba mutane nake ɗauka ba, duwatsu da rairayi da bakin teku nake bi, har aka sa mini suna mai hoton dutse. Duk gidan mutum ɗaya ne ke zama ya kalli hotunan da gaske, wato abokin ɗakina, ɗan Katsina, mahaddaci mai sanyin hali. Shi kaɗai ne namiji a wajen mahaifiyarsa, kuma duk Juma'a sai ya kira ta.

Wani hutu na matsa masa ya raka ni duwatsun da ke bakin Bahar Maliya. Ya ce yana da bita, na ce yalla, mu tafi kawai, bitar ba za ta gudu ba. Son kai ne ya sa na nace. Masu irin wannan hoto suna da dabara: idan kana son girman dutse ya fito, sai ka tsayar da mutum a gindinsa, ya zama ɗan mitsitsi a cikin hoton. Ni kuwa farar jallabiyarsa nake so a gaban jan dutse.

Mota ta sauke mu a bakin titi da hantsi, muka taka zuwa cikin wani busasshen kwari, dutse dama, dutse hagu. Sama tas take a kanmu, can nesa kan tsaunuka ne kawai aka ɗan yi duhu. Mu 'yan Arewa mun saba ruwa da sallama yake zuwa: hadari ya haɗu, iska ta taso, kowa ya kwashe shanya. Busasshen rafi kuwa a wajenmu filin ƙwallo ne. Na ga ciyawa da ƙirare sun maƙale a rassan wata bishiya, sama da tsayin mutum, na ɗauka sheƙar tsuntsu ce. Ban tambayi kaina abin da ya kai su can ba.

Na tsayar da shi a tsakiyar kwarin, ni kuma na hau dutse da kyamara. Na yi ta yi masa alama da hannu ya ƙara matsawa ciki, yana dariya yana matsawa. Sai na ji wani ruri kamar babbar mota na tahowa. Shi ma ya ji, ya ɗago hannu yana tambayata ko ya taho. Na yi masa alamar ya tsaya, saura ɗaya, don hasken ya yi yadda nake so. Wallahi ina dannawa ruwa ya karyo kwana, ja wur, ɗauke da duwatsu da itatuwa. Ya ruga, jallabiyar ta harɗe shi. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ni ko ɗigo bai taɓa ni ba a inda nake.

Sai washegari aka samo shi can ƙasa kusa da teku, cikin laka. A Alƙahira muka yi masa sutura. Kowa ma'alish yake ce mini, wato in yi haƙuri, wai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ya ce masa ya tsaya.

Da na kira mahaifiyarsa in yi mata ta'aziyya, ta ce ita har yanzu ba ta gane ba, hamada aka ce mata mun je, ina ruwa a hamada? Sannan ta kira ni ɗanta, ta ce tunda ni mai hoto ne, in turo mata hotonsa na ƙarshe ta ga fuskarsa. Na duba kyamarar tun daga farko. Duk zaman da muka yi ɗaki ɗaya, ban taɓa ɗaukar fuskarsa ba. A hoton ƙarshe farin ɗigo ne a gindin jan dutse, hannu a sama. Har yau na kasa tura mata, kuma tun ranar ban sake taɓa kyamara ba.

'Yan'uwa da ke zuwa Alƙahira karatu, abin da kuka sani game da ruwan garinku bai isa ba. Kada ku shiga kwari a hamada don kun ga sama fes, ruwan da ya sauka can kan tsauni zai iya riskarku ba sallama. Masu hoto kuma ku ji ni da kyau, don kullum da wannan baƙin cikin nake tashi: idan ɗan'uwanku ya ɗago hannu yana tambaya ko ya taho, ku ajiye kyamara ku ce masa ya taho.